Sandar fatsar ƙuda ta teku mai matsakaicin farashi: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan zuwa daga masu son fara fatsar ƙuda a ruwan gishiri, musamman waɗanda suka leƙa shagon kayan kamun kifi suka ga sanda ta dala 250, ga wata a gefenta ta dala 1,100, a ido kuma kamar uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Farashin da zan ambata na kasuwar Amurka ne, kuma ba ya zama wuri ɗaya, don haka a ɗauke shi a matsayin kimantawa.

Wai mece ce fatsar ƙuda, kuma me ya raba sandarta da sauran sandunan fatsa?

A fatsar da aka saba, nauyin dalma ko na abin da aka maƙala a ƙugiya shi ke jan zare idan an yi jifa. A nan kuwa abin da ke bakin zaren ƙugiya ce da aka ɗaure wa gashin tsuntsu da na dabba da ɗan ƙyalli, ta yi kama da ƙwaro, ko ɗan kifi, ko jatan lande, ko ƙaguwa. Shi ake kira ƙuda, ko da bai yi kama da ƙuda ba ko kaɗan. Ba shi da nauyin da za a jefa. Zaren ne mai kauri da nauyi, shi ake kaɗawa gaba da baya a iska har ya miƙe ya kai ƙudan inda kifi yake. Aikin sanda shi ne ta lanƙwasa ƙarƙashin nauyin zaren, sannan ta miƙe ta cilla shi. Idan ka riƙe wannan, sauran bayanin zai zo maka da sauƙi.

Idan an ce matsakaicin farashi, nawa ake nufi?

Daga wajen dala 300 zuwa 700. Ƙasa da haka sandunan koyo ne, kuma akwai masu kyau a cikinsu. Manyan sandunan kamfanoni irin su Sage da Orvis da Scott da G. Loomis yanzu sun kai dala 1,000 ko sun haura.

To me ta dala dubu take da shi wanda ta dala ɗari biyar ba ta da shi?

Akwai bambanci, ba zan yi maka ƙarya ba. Duka da zaren kabon ake yin su, tun da aka fara yin sandunan fatsa da shi a farkon shekarun 1970. Mai tsadar tana samun sabon samfurin kabon da sabon danƙon da ke haɗa shi, sai ta fito da sauƙin nauyi, musamman wajen kai. Bayan jifa bakinta yana daina rawa da wuri, kuma ba ta karkacewa gefe, abin da ke sa ƙuda ya faɗi daidai inda aka nufa. Zobban da zare ke bi a jikinta sau da yawa na titaniyom ne, mariƙinta kuma sumul babu cikon ramuka da yawa.

Tambayar ita ce ko hannunka zai ji wannan bambancin. Mutumin da ke kwana ɗari ko fiye a kan ruwa kowace shekara zai ji shi tun daga jifan farko. Wanda ke fita sati ɗaya ko biyu a shekara, kuskuren hannunsa ya fi tazarar da ke tsakanin sandunan biyu girma nesa ba kusa ba. Idan ƙudanka ya sauka mita biyu a bayan kifi, wallahi ba kabon ba ne ya yi laifi.

Wani abin kuma da masu talla ba sa son faɗa: fasahar da kamfani ya sa a babbar sandarsa shekaru biyar ko takwas da suka wuce, yawanci ita ce take gangarowa cikin ta tsakiya a yau. Kifin kuwa shi ne dai na da, bai sauya hali ba.

Lambobin nan da ake rubutawa, 8 da 10 da 12, me suke nufi?

Lambar zaren da aka ƙera sandar ta jefa ce. Tun farkon shekarun 1960 masana'antun Amurka suka daidaita a kan auna ƙafa 30 na farkon zare, wato kimanin mita 9. A wannan ma'auni zare mai lamba 5 yana da nauyin giram 9 da ɗoriya, lamba 8 giram 13.6, lamba 10 wajen giram 18, lamba 12 kusan giram 25. Zare mai nauyi ya fi iya jan babban ƙuda, ya fi kuma keta iska, sandarsa kuma ta fi ƙarfin gindi wajen kokawa da kifi. Idan ka ga an rubuta 890-4 ko 908-4, duk abu ɗaya ake nufi: lamba 8, tsawon ƙafa 9, gaɓa huɗu.

Sai dai a yi hattara. Yawancin zarurrukan teku na yanzu sun fi wancan ma'auni nauyi da rabin lamba, wasu ma da lamba guda cur, alhali a kwali an rubuta 8. Shi ya sa sanda ɗaya za ta yi wa wani daɗi ta ƙi wani, kuma dukansu gaskiya suke faɗa.

Sanda ɗaya tak zan iya saya. Wace lamba?

Lamba 8, in dai ba ka da wani dalili na musamman. Ita ce sandar bonfish, wani kifi mai gudun tsiya na ruwa marar zurfi, a tsibiran Bahamas da Beliz da gaɓar Meziko, ita ce ta kifin nan da ake kira jan kifi saboda launinsa, wanda ake kamawa a fadamun Luwiziyana da Filorida, kuma za ta yi maka aiki da yawancin kifayen bakin gaɓa da ba su wuce kilo biyar ko shida ba. Za ka iya yini kana jifa da ita kafaɗarka ba ta sage ba.

Idan inda za ka yi kamun iska ba ta kwanciya, ko kana jefa ƙuda mai idon dalma irin Clouser Minnow, wanda Bob Clouser ya ƙirƙiro a shekarun 1980, to ka hau lamba 9. Ni a ganina lamba 9 ita ce sandar da aka fi raina wa hankali a wannan harka. Ana tsallake ta daga 8 zuwa 10, alhali tana iya rabin aikin kowacce. Lamba 10 ta famit ce, wani faffaɗan kifin ruwa marar zurfi, da ƙananan tarfon, kifin nan mai ɓawo kamar azurfa. Lamba 11 da 12 kuwa na manyan tarfon ne, waɗanda ke haura kilo 45, da kuma kifin nan mai ƙarfin tsiya da ake zuwa Seshel dominsa, wanda masu kamu suke kira jiti. Kada ka fara koyo da lamba 12. Kamar ka ba yaro taɓarya ka ce ya koyi rubutu ne.

Mutane kan zaɓi lamba da girman kifin da suke mafarki. Gara ka fara da girman ƙudan da za ka jefa da ƙarfin iskar wurin, sannan kifi ya biyo baya.

Ana ta cewa sandar teku dole ta zama mai tauri. Haka ne?

A nan ne mafi yawan masu saye suke faɗawa rami, don haka bari in ɗan daɗe.

Sanda mai tauri, wadda ake cewa mai sauri, kashi ɗaya cikin uku na samanta ne kawai yake lanƙwasa a jifa, gindin yana tsaye. Tana ba zare gudu, tana matse lanƙwasar zaren a iska ta yadda zai huda guguwa. A teku kuwa iska kullum tana nan. Saboda haka kusan duk sandunan ruwan gishiri sun karkata zuwa tauri, kuma da dalili.

Matsalar ita ce irin wannan sanda ba ta lanƙwasa sai an ba ta nauyi da gudu. Tana buƙatar zare mai tsawo a waje, da hannun da ya iya abin da ake kira ja biyu, wato fizgar zare da hannun da ba ya riƙe da sanda sau ɗaya a jifan baya, sau ɗaya a na gaba. Wanda bai iya wannan ba, sanda mai tauri sosai a hannunsa muciya ce. Ba zai ji lokacin da zare ya miƙe a bayansa ba, sai ya riƙa ƙara ƙarfi, zaren kuma yana tarar masa a ƙafa.

Ka kuma tuna yadda kamun yake a zahiri. Kana tsaye a goshin ƙaramin jirgi, ɗan jagora yana bayanka a kan dakali yana tura jirgin da doguwar sanda. Sai ka ji ya ce: "Ƙarfe goma sha ɗaya, ƙafa arba'in, yana tafiya hagu." Goshin jirgin shi ne ƙarfe goma sha biyu. Kana da daƙiƙa huɗu ko biyar, kaɗawa biyu ko uku, kafin kifin ya gan ka ko ya wuce. Yawancin kifin da ake kamawa a ruwa marar zurfi tsakanin ƙafa 30 ne zuwa 60, a Luwiziyana ma wani lokaci jan kifi yakan ɓullo a ƙafa 15 daga jirgi. Sandar da ke kai ƙafa 90 a filin gwaji amma ba ta motsi a ƙafa 30, ba ta yi maka komai ba.

Abin da nake ba mutane shawara shi ne su nemi mai ƙarfin gindi da ɗan laushin baki. Sandunan tsakiya da yawa haka aka yi su, domin masu ƙera su sun san ba gwanayen gasa ne ke saye ba. A wannan wuri, rashin tsadar ma riba ce.

Tsawo fa, da yawan gaɓoɓi?

Ƙafa 9, gaɓa huɗu. Bututunta bai kai mita ɗaya ba, yana shiga babbar jaka. Akwai sanduna marasa gaɓa, amma na masu jirgin kansu ne da ba sa hawa jirgin sama da su.

Me zan duba a jikin sanda don in san an yi ta don gishiri?

Fara da mazaunin kwarkwaro, wato wurin da ake ɗaure abin naɗe zare. Ya zama na alminiyom da aka yi wa rufin kariya, ba mai katako a tsakiya ba, domin katako yana shan ruwan gishiri ya kumbura. Ya zama da zobban ɗauri biyu, ɗaya yana kulle ɗaya. Kwarkwaron da ya kwance kifi yana gudu, ba abin dariya ba ne sai ga wanda ke kallo.

Sai zobban da zare ke bi. Su zama na ƙarfen da ba ya tsatsa ko na titaniyom, biyun farko kuma masu faɗi, don ƙulli ya wuce idan kifi ya fizgi zare. Duba inda aka naɗe ƙafar kowane zobe: idan danƙon bai rufe ruf ba, nan gishiri zai shiga ya kwanta. A ƙarshen gindi kuma dole a sami ɗan dunƙulen da ake tokarawa a ciki ko a ƙugu lokacin kokawa da kifi. Mariƙin ya cika maka hannu, da tudun da babban yatsa zai danna.

Ka ba mu sunaye mana.

Daga ƙasan wannan farashi akwai Redington Predator, da Echo Boost Blue, da sandunan kamfanin TFO (Temple Fork Outfitters) na Dalas a Jihar Tekzas, irin su Mangrove Coast, wadda gwanin fatsar ƙuda Flip Pallot ya sa hannu a tsara ta, da Axiom II-X, wadda ta fi ta tauri. Marigayi Lefty Kreh, shahararren malamin fatsar ƙuda wanda ya rasu a 2018, ya daɗe yana aiki da TFO, kuma abin da ya tsaya a kai ke nan: sanda mai aiki da talaka zai iya saye. Waɗannan a Asiya ake ƙera su, shi ya sa farashin ya sauko.

Daga sama kuma akwai waɗanda ake yi a Amurka: Sage Maverick a tsibirin Bainbridge na Jihar Washinton, Orvis Recon a Manchesta ta Jihar Bamont, Scott Wave a Montrose ta Kolorado, da Thomas & Thomas Zone a Masachusets. Mangrove Coast ta fi sauƙin sha'ani ga sabon hannu da jifan kusa. Maverick tana da ƙarfin ɗaga kifi. Ban ga wadda zan ce maka ka guje ta ba a cikinsu, kuma kamfanoni suna sauya samfuri duk bayan 'yan shekaru, don haka kada ka haddace suna ka manta da abin da kake nema a sandar. Idan sabon samfuri ya fito, tsohon yakan faɗi warwas a farashi, nan ne mai haƙuri yake cin kasuwa.

Ina da sanda lamba 8 ta ruwan daɗi. Ba za ta yi ba?

Za ta yi, ka je da ita, ka wanke ta kowace rana. Gishiri ba ya cin kabon, ƙarafan jiki yake ci. Lamba 5 ko 6 dai ka bar ta a gida. Ba za ta keta iska ba, kuma za ka daɗe kana jan kifi har ya galabaita, ko ka sake shi kifin shak ya tsince shi.

Garanti yana da muhimmanci har haka?

Sosai, domin sandar teku karyewa take yi, ko ba daɗe ko ba jima. Orvis na ba da garantin shekara 25, wasu kamfanonin suna cewa na tsawon rai, amma karanta ƙananan rubutun. Kusan kullum akwai kuɗin gyara da na aike, kuma yawanci mai sayen farko kaɗai garantin ya shafa. Abin da ya fi dacewa ka tambaya shi ne: za su sayar maka da gaɓar da ta karye kaɗai su aiko, ko sai ka tura sandar gaba ɗaya ka jira? Ga wanda ke zaune nesa da Amurka ko Turai, wannan amsa ta fi sunan kamfani nauyi, don kuɗin aike da na kwastan na iya kusan kai rabin kuɗin sandar.

Me ke karya su?

Kifi ne na ƙarshe a jerin masu laifi. Ƙofar mota, fankar sama a ɗakin otal, da ƙafar abokin tafiya a cikin jirgi sun fi shi ɓarna. Tawa ta farko fanka ce ta cinye mata baki, a daren da na isa, ban ko jiƙa zare ba. Na haɗa ta a ɗaki don in yi mata kallon sha'awa.

A kan ruwa kuma abu uku ne. Na ɗaya, ƙuda mai dalma ya bugi sanda a jifa ya yi mata rauni da ido ba ya gani, sai bayan kwana biyu ta ɓalle a kan ƙaramin kifi, mai ita ya yi ta zagin kamfani. Na biyu, gaɓa ta sassauta ba a lura ba, sai bakinta ya tsage. Ka riƙa matse gaɓoɓi duk bayan awa ɗaya ko biyu, ka ɗan goga musu kakin kyandir. Na uku, ɗaga sanda tsaye cak idan kifi ya zo kusa, nauyin duka ya koma kan siririn baki. Ana yaƙar kifin teku da gindin sanda ne, a ƙasa-ƙasa, ana ja ta gefe.

Ina da dala 1,000 gaba ɗaya. Yaya zan raba?

Ni da zan raba: wajen 400 zuwa 500 a sanda, 250 zuwa 300 a kwarkwaro mai rufaffen birki wanda zai ɗauki aƙalla yadi 200 na zaren ƙarƙashi (siririn zaren da ake fara naɗewa kafin zaren jifa), wajen 100 a zare mai kyau, saura kuma a tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, domin kifin da ba ka gani ba ba za ka jefa masa ba. In da canji, ka biya mai koyarwa na awa biyu.

Zare shi ne wurin da bai kamata a yi rowa ba. Araha ba ta ado a nan. Sanda ta dala 350 da zaren da ya dace da ita ta fi ta dala 1,000 da zaren banza. Kuma akwai na ƙasar zafi da na ƙasar sanyi. Na sanyi idan ya sha rana a kan jirgi yana yin laushi kamar taliyar da ta dahu, na zafi kuma a ruwan sanyi yana murɗewa ya ƙi miƙewa.

Yaya zan gwada sanda kafin in biya?

Kaɗa ta a cikin shago ba gwaji ba ne. Ka nemi a ɗaura mata kwarkwaro da irin zaren da za ka yi aiki da shi, a fita waje, da ƙudan da aka yanke wa ƙugiya. Ajiye hula a ƙafa 30, wata a 50, wata a 70. Fara da ta kusa, da kaɗawa biyu kacal. Juya ka fuskanci iska, sannan ka bar ta ta bugo ta kafaɗar hannun da kake jifa da shi, wanda shi ne mafi wuya. Gwada uku a jere, in za ka iya kada ka kalli farashin sai ka gama. Wadda ta fi kai ƙuda kan hular tsakiya ba tare da ka yi nishi ba, ita ce taka.

In babu shago kusa da kai, saya daga inda suke karɓar kaya idan an mayar, kuma kada ka cire ledar mariƙi sai ka tabbata.

A Afirka akwai inda ake irin wannan kamun?

Akwai, kuma wurare ne da ake ji da su a duniya. Tsibiran Alphonse da Cosmoledo na Seshel sun yi suna da bonfish da jiti. A Gabon ana tsayawa a bakin kogi a Sette Cama ana jefa wa tarfon da manyan kifayen gaɓa, da lamba 10 zuwa 12. Tarfon mafi girma da aka rubuta a kundin tarihin kamun kifi, mai kimanin kilo 130, a Gini Bisau aka kama shi a 2003, ko da yake ba da ƙuda ba. Gaɓar Bahar Maliya ta Sudan ma ta ja masu fatsar ƙuda, suna tashi daga Fot Sudan a jirgin kwana, kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023. Sandunan nan kuma suna aiki a ruwan daɗi: lamba 8 ko 9 ta dace da tsage, muddin an sa ɗan guntun waya kafin ƙugiya saboda haƙoransa, a kogin Faro na Kamaru kuwa da lamba 12 ake neman giwan ruwa da dare.

Ta hannu fa?

Tana iya zama garaɓasa. Ka duba bakin kowace gaɓa da haske ko akwai tsaga, ka zura auduga a cikin zobba, in ta maƙale to zoben ya ci, zai yanke maka zare. Kuma ka sa a ranka cewa garanti ya tafi da mai ita na farko.

Bayan na dawo daga ruwa me zan yi mata?

Raba gaɓoɓin, ka wanke da ruwan famfo, ka bi ƙafafun zobba da mazaunin kwarkwaro da tsohon buroshin haƙori. Cire kwarkwaron, kada ya kwana a ɗaure. Bar ta ta bushe sarai a inuwa kafin ta koma rigarta da bututunta, rigar ma a wanke ta idan ta taɓa gishiri. In ka rufe ta da danshi, bayan wata uku za ka buɗe ka tarar da kore-kore a gindin zobba da warin ruma a mariƙi. Idan za ta daɗe a ajiye, bar murfin bututun a buɗe, kuma kada ka bar ta a bayan mota cikin rana.